Muryar Beyar ta Marlys

"Ba haka beyar yake magana ba," in ji Junie. Ta juya fuskarta bango.

Marlys ta gyara tabarau, ta kumbura murya, ta sake karanta layin beyar, naman dajin da ke cikin littafin. Shekara goma sha biyu ta yi tana fitowa uwa a talabijin, duk Amurka na kiranta Mama. Da aka daina nemanta, sai ta buɗe kamfanin buga littattafan yara. Dokarta ɗaya ce: ba littafin da zai tafi maɗaba'a sai ta karanta shi da ƙarfi a bakin gado. Littafi arba'in ta karanta haka, gadon kuwa babu kowa a kai.

Yau ne aka sami mai sauraro, ga shi kuma tana neman korarta.

"Kin iya kuka a gaban kyamara, amma beyar ya gagare ki? Tashi ki tafi, tauraruwa."

"Shafi uku ya rage, 'yata."

"Da ma kin saba tafiya ana tsakiyar labari."

Marlys ba ta tashi ba. Ta bar muryar wasa, ta ƙarasa da tata, mai rawa, ta tsohuwa.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta ce lokacin ziyara ya ƙare. Marlys ta miƙa hannu ta shafa furfurar Junie. Shekarun Junie hamsin da biyu, kuma wannan ne labari na farko da uwarta ta taɓa karanta mata.

Junie ba ta juyo ba, ta ce:

"Saura littafi talatin da tara kike bina... a'a, nake binki. Likita ya ce ki yi sauri."