Mai Ɗinki da Turmin Maƙwabciyarta

Zauna in ba ki wani misali, tunda kin ce ke kam yara sun hana ki ko da sosa kai.

An yi wata mata mai ɗinki a wani gidan haya. 'Ya'yanta huɗu, mijinta kuma direban babbar mota ne da yakan yi makonni bai kwana gida ba. Tun daga sallar asuba ba ta zama: ga koko a wuta, ga wankan yara, ga takalmin makaranta ya ɓata, ga masu kawo ɗinki na sallama a ƙofa. Ƙafa na kan keke, ido na kan tukunya, baki na kan yara. A ɗakin da ke kallon nata kuwa akwai wata mai tuyar waina, wadda yaranta suka fi na mai ɗinkin yawa, har da jikoki, amma ba a taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. Abin ya riƙa ɗaure wa mai ɗinki kai, sai ta sa mata ido. Ta lura kullum da hantsi, in matar ta sauke tanda ta sallami masu saye, takan kifa turmi a gindin lemo ta zauna a kai, hannuwa a cinya, leɓɓanta na motsi kaɗan-kaɗan. Ko yaro ya zo ya ja mata zane, dafa kansa kawai take yi har ta gama. Mai ɗinki ta ce a ranta lallai wani laƙani ne na mallakar yara. Ranar da matar ta tafi unguwa har ɗaga turmin ta yi, ta leƙa ko akwai laya a ƙasa. Ba ta ga komai ba sai tururuwa.

Da son sani ya ci ƙarfinta, ta tambaya. "Yaya, don Allah wane malami ne ya ba ki wannan?"

Mai waina ta yi dariya. "Babu wani malami, ƙanwata. Subhanallah ce nake maimaitawa a hankali, ina jin shigar numfashina da fitarsa. In zuciyar ta tsere kasuwa, in je in kamo ta. Shi ke nan."

Mai ɗinki ta raina abin, amma ta so ta ga ƙarshensa. Washegari ta sauka daga keke ta zauna a bakin ƙofarta. Ba ta yi nisa da tasbihin ba zuciyarta ta tafi kan zif ɗin da ba ta saya ba, daga nan ta faɗa cefane, daga cefane ta koma wata baƙar magana da aka faɗa mata tun bara. Ta yi mamaki. Ashe ihun da ke cikin kanta ya fi na tsakar gida. Zuciyar sai fizga take kamar akuyar da aka ɗaure a sabon turke. Ta kamo ta, ta kuɓuce, ta sake kamowa. Wata rana ta samu zama, wata rana ƙaurin tuwo ya tashe ta. A hankali dai kafaɗunta suka fara sauka, ta fara jin abubuwan da da ba ta ji: kukan tattabaru a kan rufi, ɗigar famfo, yadda kowane yaro ke da irin tafiyarsa.

Cikin 'ya'yan nata akwai Rakiya, 'yar shekara biyar, wadda duk gidan aka sani da taurin kai. A kira ta ta yi banza da mutum, a aike ta ta kawo wani abu daban. Ta sha rankwashi har ba ya ba ta tsoro. Wata safiya uwar na zaune tana tasbihinta, ido a ɗan buɗe, Rakiya na wasa da gwangwanaye a gabanta. Sai wani faranti ya suɓuce daga kan katanga ya faɗi kusa da yarinyar ta hannun hagu. Kaji suka watse, jaririn gidan ya tsandara kuka, Rakiya kuwa da ƙyar ta ɗaga kai, ta ma juya wani gefen tana neman inda ƙarar ta fito. Da a kan keke uwar take, tsawa za ta daka ta ci gaba da ɗinki. Yau kuwa ta gani. Ta tashi a hankali ta tsaya ta hagun yarinyar, ta kira sunanta ƙasa-ƙasa. Shiru. Ta zagaya ta dama ta kira da wannan muryar dai.

"Na'am, Umma," in ji Rakiya.

Nan uwar ta gane kunnen hagun yarinyar ne ba ya ji. A ranar ta ajiye ɗinkin mutane ta goya ta zuwa asibiti. Likita ya haska kunnen ya ce ciwon ya daɗe yana ci, da an ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Aka yi magani, jin ya dawo, ko da yake bai koma kamar na ɗaya kunnen ba. Uwar ta daɗe tana kuka in ta tuna dukan da yarinyar ta sha a kan laifin da ba nata ba, alhali kullum tana gabanta, ita ke mata wanka, ita ke mata kitso, yatsunta na wucewa ta bayan wannan kunnen.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, hankali ke gani, ido gululu ne.