Ƙasa Ba Ta Hujewa

Ina aji uku a Ɗambatta, Malam ya ce kowa ya zano akuya ko ya sha bulala. Takarda ɗaya ta rage mini, sauran duk na huda su wajen gogewa. A tsakar gida na ɓarke da kuka har kaji suka watse.

Kakata tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Angona, wa ya rasu?"

Da na gaya mata, sai ta miƙo mini guntun kara. "Fara a ƙasa, ita ba ta hujewa. In ya ɓaci ka share da ƙafa."

Akuyar farko ta fito kamar kwaɗo mai ƙaho, Kaka ta yi dariya har da ƙwalla. Ta tara ce ta yarda akuya ce, na kwafe a takarda, na tsira.

Har yau ba na tsoron fara zane. Allah ya jiƙan Kaka.