Ludayi Ɗaya

Wai don me kokon gidan nan ba sukari? Ku ji mini tambaya. An ba ku, kun sha, kun ƙoshi, sannan bakinku ya buɗe. Ku gyara zama, sau ɗaya zan faɗa.

Dela, sunanta na yanka Halimatussa'adiya. Sunan uwar mijinta ne, don haka tun ranar da aka kawo ta gidan Sha'ibu ba wanda ya ƙara kiranta da shi. Mace ce da ba ta kwanciya ciwo. Ba ta shan ƙwaya, ba ta taka gidan likita. Ta sha faɗi cewa ranar da wani ya ce mata ci wannan, bar wancan, gara a gina mata kabari.

Wata ran kasuwa masu farar riga suka kafa rumfa nan Dakoro, suna sokin yatsa. Sha'ibu ya ja ta, aka soke su duka biyu. Shi ne ya taɓa lakkwal, ya iya karatun boko, shi manjon likita, babbansu, ya ja gefe. Sun daɗe suna magana. Ya dawo da ɗan littafin nan na likita, karne, ya tura aljihu.

"Ciwon sukari ne," ya ce. "In ba a kiyaye kalacin safe ba, ƙafa ke fara tafiya, sannan ido."

"Na wa?"

"Nawa."

Da suka isa gida Dela ta ɗauki gwangwanin sukari ta miƙa wa maƙwabta ta kan danga.

Daga ranar hura mai zaƙi ta bar gidan da safe. Hwanke ya bar gidan, burodi da shayin madara suka bi shi. Sai dafaffen wake, sai kwaɗon zogala da ƙuli-ƙuli, sai ƙwan zabo in damina ta kawo. Nono tsurarsa, daga hannun Fulanin Roumbou. Koko ludayi ɗaya, shi ma bayan wake ya shiga ciki, ba kafin ba. Dela ba ta hura wuta sau biyu don baki biyu. Abin da ta zuba mishi, shi take ci. Shi kuma ba ya sa hannu sai ta fara.

"Ki taɓa in ji ko gishiri ya ji," yake cewa, har ta ci rabi.

Duk wata uku yana jan ta likita tun kafin su karya. Wai ba ya iya kallon allura shi kaɗai, sai dai a soke ta ita ma. Ta ce mishi rago, ta miƙa yatsa. A shekarar nan ƙishirwar da ke tashinta bakin randa ta bar ta. Ta ce ruwan sabon famfo ne ya fi na rijiya kashe ƙishi.

Sau biyu ta kama shi teburin mai shayi bakin tasha, da burodi a hannu, yana juya kofi da cokali. Ta wanke shi tas gaban mutane. Ya sadda kai, ya biyo ta gida. Ko ciwon kai bai yi ba. Ta ce Allah ne ya rufa asiri.

Shekara bakwai haka.

Wata safiya ya dawo daga masallaci, ya zauna kan tabarma, ta aje mishi kwanon wake. Da ta juyo da kokon, ya jingina da bango, ya tafi.

Ba ta yi kuka ba. Da take ninke rigunanshi ta sami karnen a aljihu, da ƙwayar sukari uku cikin takarda. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta jefa su cikin kokonta ta shanye.

Wake kuma, ta dafa wa wa? Tana takaba, dangi na aiko hura da hwanke. Abin da ya zo ta ci, ba ta jin ɗanɗanon komai. Randa ta koma ƙarewa kafin la'asar. Ƙaya ta soke ta a dunduniya, wata biyu bakin bai rufe ba, ta ɗaure da tsumma. Abu ɗaya ke zaune mata a rai: sukarin aljihun ne ya kashe shi, ko ludayinta ne ya yi girma?

Ranar da ta fita takaba ta ja ƙafa zuwa likita, karon farko ita kaɗai. Tsohon manjo an maida shi Maradi. Wata yarinya ce a kujerarshi, Ramla. Dela ta aje karnen gabanta.

"Ɗiyata, duba mini. Shekara bakwai ina auna kalacin nan. Ina na yi kuskure?"

Ramla ta bi shafi shafi da yatsa.

"Inna, ba kuskure. Duk awon nan mai kyau ne. Mai karnen nan an kiyaye shi sosai."

"To me ya kashe shi?"

"Wa ya mutu?"

Ramla ta rufe karnen, ta karanta bangon a fili. Dela ta ce ta sake. Ta sake. Sannan Dela ta zauna kan benci, ta kwance tsumman ƙafarta da kanta, ta miƙa yatsa.

Da ta koma gida ta jiƙa wake. Washegari koko ludayi ɗaya, bayan wake, kuma har yau haka ake yi.

Shi ke nan. Ku tashi ku kwanta, kada in ji motsin kowa. Me kuma? Abin da aka rubuta a bangon? Kai, ku da tambaya.

Halimatussa'adiya.