Haƙora Biyu

Yahuza ya juya injin da sifana har fistin ya hau sama, sannan ya ɗora sabuwar sarƙar taimin. Ɗigon da ke jikin giyar sama ya zauna daidai da alamar sarƙa, na ƙasa ma haka. Ya duba sau uku, don karo na biyar ke nan yana wannan aiki.

Injin kwale-kwale ne, a Kudan, garin rake da tumatir, nesa da tafki. 'Yan gari har sun gaji da yi masa dariya. Injin ne kaɗai abin da ya tsira da shi daga Baga, garinsu na bakin tafki, ranar da aka tarwatsa su, shi da matarsa Wasila, 'yar ubangidan da ya koya masa kanikanci. Ɗansu Iliyasu yana kan tafki a ranar, kuma shekara tara ba labarinsa.

Yahuza ya rantse, ranar da injin nan ya tashi zai koma ya bi tsibiran tafkin ɗaya bayan ɗaya. Maza uku da Wasila ta sani sun koma irin wannan nema, ba wanda ya dawo.

Ya shafa gam a bakin murfi, ya ɗaure kusoshi. Sai gam ya bushe ake zuba mai, saboda haka ya wanke hannu ya tafi masallacin Juma'a. Gam ɗin ma ba ya albarka, kwana biyu ya ƙare.

Da la'asar ya tsoma ƙafar injin a durom ɗin ruwa, ya ja igiya. Injin ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu. Ya ja har kafaɗarsa ta sage. Da ya buɗe murfi, sai ga alamar ta goce da haƙoran giya biyu, kamar kullum.

Ya zauna a ƙasa daɓas. Mutumin da a da ake layi a bakin tafki don ya taɓa inji, yau ɗigo biyu sun gagare shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Wasila, idona ya tafi," ya ce. "Wallahi na ga sun daidaita."

"Sannu, Malam. Sha ruwa tukuna."

Ta miƙa masa kofi da hannun da ya sha sabon lalle, baƙi wuluk har farce. Tun da aka sayo sarƙar nan ba ta rabo da lalle.

Wata Juma'ar ya sake daidaitawa, ya rufe, ya fita. Wasila ta saurara har takunsa ya ɓace, ta sakaya ƙofa. Ta share hawaye, ta zaro sifanar mahaifinta daga ƙasan buhun gero, ta kwance murfin tun gam bai kama ba, ta gusar da sarƙar haƙora biyu. Ta ƙara gam ta mayar da murfin, baƙin mai ya saje da lallen hannunta.