Masuncin da Ya Kashe Wutarsa

Zauna, Malam Tanimu, ka daina leƙen hanya, mota ba za ta gudu ba. Tunda za ka aikin gas a bakin teku, kuma wai ka gama sanin sirrinsa, a dai guji wuta, bari in ba ka misali.

Wani masunci ne, irin waɗanda ƙafarsu ba ta zama wuri ɗaya. Kifi ya yi ƙaranci a koginsu, ya yi ta gangarawa kudu, yau nan gobe can, har ya kai inda manyan jirage ke lodin gas. Ba shi da komai sai kwalekwalen da ubansa ya sassaƙa, da shi yake ciyar da iyali. Masuntan wurin suka gargaɗe shi kada ya kusanci jiragen. Ya ce ya ji, ai gas wuta kaɗai yake nema. Kwana da kwanaki yana jefa raga yana ɗagowa wayam, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Ran nan da hantsi ya hango ruwa yana ɓuɓɓuga a gefen wani jirgi, farin tururi ya kwanta a kai. A koginsu, in ruwa ya yi haka, kifi ne ya taru. Ya kashe ɗan murhun da yake gashi a kai, ya jefar da ashanarsa, ya danna can. Ma'aikatan jirgin suna ihu suna ɗaga masa hannu, shi kuwa ya ɗauka rowa ce.

Ashe bututun lodin gas ne ya tsage. Gas ɗin an sanyaya shi har ya koma ruwa, sanyinsa ya fi na ƙanƙara nesa ba kusa ba. A wajen abu mai irin wannan sanyi, ruwan teku kamar kaskon suya ne da ya ɗau zafi. Gas ɗin yana zuba a teku sai ya tafasa, ya koma iska gaba ɗaya, ya nemi inda zai shiga ya rasa. Sai ji aka yi dam! Ko tartsatsi babu, amma ruwa ya tashi ya raba kwalekwalen biyu. Aka tsamo shi da rai, rungume da guntun katako, kunne ɗaya ya mutu, yana ta rantsuwa cewa shi fa ya kashe wutarsa. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.