Guzurin Ƙuda

Duk mangwaron da tsohon ya tsaga a lambunsa, tsutsa ce a ciki.

Malamin gona na hukumar En'e, wanda ya zo daga Malumfashi, ya girgiza kai. "Baba, feshi ba ya kaiwa nan. Macen ƙudan mangwaro tana ɗauke da ƙwayoyin cuta a cikinta, ido ba ya ganinsu. In za ta saka ƙwai sai ta haɗa da su, su ruɓar da mangwaron, 'ya'yanta su ƙyanƙyashe su tarar da abinci."

Tsohon ya dubi bakin hanya. Ɗansa na jiran motar Kaduna, zai tafi neman aikin masaƙa, tunda lambun ya kasa riƙe su.

A hankali tsohon ya kife kwandon mangwaron da ya tsinko wa ɗan nasa don guzuri.

"Ashe ko ƙuda ba ya sallamar ɗansa hannu rabbana."