Taɓaryar Inna

Har hantsi ya ɗaga, layin da ke kan allon na'urarta bai motsa ba.

Aikinta a biron Gaya, ofishin masu auna motsin ƙasa, shi ne tattara motsin da na'urorin da aka binne a ƙasa ke ji, ta zuba a rumbun intanet, don masana su gane yadda girgizar ƙasa ke ratsa duwatsun ƙarƙashi. Ɗaya daga cikin na'urorin tana bayan dangar mahaifiyarta a Tanda. Kowace safiya layin kan yi 'yan tsalle a jere, taɓaryar Inna ke nan. Shugabanta ya ce hayaniya ce, a riƙa sharewa. Tana sharewa, amma sai ta ga tsohuwa ta tashi lafiya tukuna.

Ta kira wayar Inna, babu rezo, kiran bai shiga ba.

"Ƙila ta kai geron inji ne," in ji shugaban.

"Inna ba ta cin na inji, ranka ya daɗe."

Can sai layin ya zabura. Ta buɗe baki za ta yi hamdala, sai ta ƙura wa layin ido. Wannan ba bugun hannun da ta sani ba ne. Taɓare ne da yawa suna lugude. Gidan babu biki, babu mai ciki, kuma matan ƙauye ba sa taruwa su yi daka haka sai don gumbar sadakar mamaci.

Shugaban ya leƙo ta kafaɗarta.

"To, ga hayaniyarki ta dawo. Share ta."